Suna ya yi, amma wa ke biyan kuɗin mota? Rayuwata a aikin jaridar wasanni a Maraɗi

Ni ɗan jaridar wasanni ne a Maraɗi. Da rediyo na fara, daga baya na haɗa da rubutu a Facebook da aika rahoto zuwa wasu kafofi na Yamai. Ƙanne da yawa suna tambayata hanyar shiga wannan aiki, waɗanda kuma suka fara yin suna suna tambaya ko lokaci ya yi da za su bar tasha su ci gashin kansu. Amsar ta fi ƙarfin gaisuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aikin yake daga ciki, da matakan da na bi, da inda kowace hanya take ɓullewa.

Ƙofar shiga biyu ce a ƙasar nan. Wasu suna zuwa makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, wadda a da ake kira IFTIC, su karanci aikin jarida su fito da takarda. Wasu kuma, kamar ni, suna shiga ta sitaj, wato zaman koyon aiki, a gidan rediyo mai zaman kansa, ba albashi, sai ɗan kuɗin kabu-kabu idan an samu. Ko ta wace ƙofa ka shigo, ba a miƙa maka makirufo a farko. Aikinka shi ne zagaya filayen unguwanni lokacin gasar hutun damina, ka dawo wa mai shiri da sakamako. A nan ne na koyi abin da har yau nake ci da shi, wato cika takardar wasa: kwanan wata, fili, sunayen ƴan wasa goma sha ɗaya na kowane ɓangare da lambobin rigunansu, sunan alƙalin wasa, da mintin da aka ci kowace ƙwallo. Kowane yaro ka rubuta masa suna biyu, wanda yake a lasisinsa da laƙabin da unguwa ta san shi da shi. Idan ka faɗi sunan lasisi kaɗai a rediyo, ko abokan fadarsa ba za su gane shi ba. Idan kuma laƙabi kaɗai ka riƙe, ranar da ya koma wani kulob a Yamai ko Kano ka rasa sawunsa.

Rahoton rediyo na minti ɗaya da rabi bai wuce kalmomi ɗari biyu ba. Sakamako a jimlar farko, wanda ya ci da lokacin da ya ci a ta biyu, sannan abin da sakamakon ya canja a teburin gasa. Gaisuwar shugabanni da jinjinar masu hannu da shuni, idan dole ne, su zo a ƙarshe, don in lokaci ya ƙure mai haɗa shiri daga ƙasa yake yankewa.

Abu na biyu da ya bambanta ni da sa'o'ina tun da wuri shi ne karanta dokar gasa kafin a fara ta, duk da tsawonta da kuma Faransancin ofis da ake rubuta ta da shi. Wanda yake ganin ɓata lokaci ne ya tuna watan Oktoba na 2011. Ranar ƙarshe ta neman gurbin gasar cin kofin Afirka ta 2012, Masar ta doke Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, da ci 3 da nema a Alƙahira. A rukunin namu, Afirka ta Kudu ta yi kunnen doki da Saliyo, makin ƙasashen biyu ya zo ɗaya da na Nijar, ƴan wasan Afirka ta Kudu suka shiga rawa a fili suna zaton bambancin ƙwallaye ne zai raba gardama. Doka kuwa ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawa tsakanin ƙasashen da suka yi daidai ake dubawa. Nijar ce ta wuce, karon farko a tarihinta, ƙarƙashin Harouna Doula. Duk ɗan jaridar da ya karanta wannan sakin layi ya riga kowa sanar da gaskiya a daren nan.

Amma a Maraɗi ba tamola ce ke yi wa ɗan jarida suna ba, kokowa ce. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi, Yacouba Kantou, ya ɗauki takobin farko, kuma filin kokowar garin nan sunansa yake ɗauke da shi. Mutanenmu suna ganin takobi nasu ne da aka ara. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, tamanin ke nan, kuma kowace jiha sai ta kara da sauran bakwai. Idan ka lissafa, karawa 28 ce tsakanin jihohi, kowace da kokowa goma, wato 280 kafin a zo zagayen waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba. Babu kan da zai riƙe wannan. Littafi nake buɗewa, shafi ɗaya ga kowane ɗan kokowa: da wa ya kama, safe ko yamma, ya kayar ko an kayar da shi ko an tashi canjaras, minti nawa, gargaɗi nawa alƙali ya ba shi, da irin kayen. Daga rana ta uku mai sauraro ba ya tambayar wace jiha ke gaba, tambayarsa su wa suka rage ba a kayar ba. Wanda ya iya jero su nan take, da sunayen waɗanda suka rage musu su kama, shi ake bari a kunne.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Waya biyu da layuka na kamfanoni daban, saboda idan fili ya cika layi yana cushewa, ba kira ba intanet. Batirin ajiya babba a cike, don caji a filin kokowa sai mai rabo. Soso a kan makirufo, saboda a shekarun nan a sanyin ƙarshen shekara ake gasar, iskar hunturu tana busawa, kuma ba abin da ke lalata murya kamarta. Leda ta naɗe waya saboda ƙura. Kada ka tsaya kusa da makaɗa ko ƙarƙashin lasifika, ganga za ta haɗiye maganarka, ka koma gida da sautin da ba ya saurarawa. Kalli inda iska take fitowa ka ba ta baya. Idan intanet ya ƙi, ɗauki muryarka guntu-guntu, minti ɗaya-ɗaya, ka fita bayan katanga ka tura ta WhatsApp, ya fi ka tsaya jiran kai-tsaye da ba zai yiwu ba. Ɗan kokowar da aka kayar kuma ba a tare shi da makirufo a bakin fili. Jikinsa na rawa, mutanensa na kewaye da shi, abin da zai faɗa ko zagi ne ko zargin asiri, kuma gobe zai ce kai ka sa shi. Bi shi masauki da dare, ka gaishe shi, ka yi masa sannu da ƙoƙari, sannan ka tambaya.

Ta wannan hanyar suna ya zo. Abin da ban sani ba a lokacin da nake nemansa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne suna yana zuwa da masu son mallakarsa.

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Agadas da Difa sun fi haka wahala. Gidajen rediyo masu zaman kansu kaɗan ne ke iya biya wa ma'aikaci mota da masauki da abinci na kwana goma. Saboda haka ɗan jarida yakan shiga motar tawagar jiha, ya kwana inda suka kwana, ya ci abin da suka ci, a ƙarshe a miƙa masa ambulan da sunan kuɗin shan ruwa. Haka ma a tamola: kulob zai ɗauke ka zuwa wasan waje. Ba wanda zai ce maka kada ka faɗi kaza. Ba a buƙatar faɗa. Ranar da ka ji ƴan wasa suna ƙorafin ba a biya su kuɗin nasara ba, kai da kanka za ka tuna a motar wa za ka koma gida. A tsawon aikina, labaran da suka mutu a bakina saboda kunyar wanda ya ciyar da ni sun fi waɗanda wani shugaban tasha ya hana ni yawa nesa ba kusa ba.

Tsarin tamolar ƙasar ma yana ƙara matsewa. Manyan kulob-kulob na Yamai irin su AS FAN, AS GNN, AS Douanes, AS Police da US GN na rundunoni da hukumomi ne, suna da kasafi da albashi. AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin ƙalubale na Afirka a 2010, US GN ta kai a kakar 2021 zuwa 2022. Mu nan muna da tarihi, Jangorzo ta taɓa lashe gasar lig ta ƙasa a 1983, Dan Kassawa ma sunanta ya zagaya ƙasa, amma tamolar jihohi gaba ɗaya da aljihun ƴan kasuwa take numfashi. Maraɗi kuwa garin kasuwa ne da kowa ya san kowa. Alhajin da ke riƙe da kulob, shi ne mai shagon da tallarsa ke biyan wutar tasharku, wataƙila kuma surukin mai tashar ne. Ka soki mai horarwar da ya kawo, da yamma an kira shugabanka, ba da faɗa ba, da gaisuwa: “Ranka ya daɗe, yaron nan naka lafiya kuwa?” Wannan ta isa.

Batutuwan da ake gudu sanannu ne: shekarun ƴan wasa a gasar matasa, kuɗin da aka ware wa tawaga da abin da ya isa hannun ƴan kokowa, yadda aka zaɓi goman da za su wakilci jiha, wanda ya ji rauni aka bar shi da iyayensa, da alƙalanci. Ana iya yin su, na kuma yi, amma da sharuɗɗa. Kada ka fito da zargin kuɗi sai kana da takarda ko mutum biyu da ba su haɗa baki ba. Ɗauki muryarsu da saninsu, ka adana a wuri biyu. Kira wanda ake zargi kafin shiri, ka gaya masa abin da za ka faɗa, ka ba shi minti daidai da na mai zargi. Idan ya ƙi magana, ka faɗi ranar da ka kira shi. Kuma ka tsaya kan abin da ya faru, kada ka shiga niyya. Cewa ba a biya ƴan wasa wata uku ba labari ne da za ka iya karewa. Cewa shugaba ya cinye kuɗin hukunci ne, kuma ba kai ne alƙali ba.

Wannan taka-tsantsan ba ladabi kaɗai ba ne, doka ce. Dokar ƴan jarida ta 2010 ta cire ɗauri a kan laifukan aikin jarida, amma dokar laifukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofa, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yuni na 2024 ya dawo da ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku kan ɓata suna ko zagi ta hanyar intanet. Ma'ana, maganar da ka rubuta a Facebook cikin fushin an ci ku a mintin ƙarshe tana iya kai ka gaban alƙali. Sharhin da mabiya ke zubawa a ƙarƙashin rubutunka ma ka riƙa sharewa idan ya koma cin mutunci.

Da sunana ya kai wani matsayi, hanyoyi uku suka buɗe, kuma kusan duk wanda ya yi fice a aikin nan su yake tararwa.

Ta farko, zama jami'in yaɗa labaran kulob ko na wata hukumar wasanni. Kuɗin wata tabbatacce, tafiye-tafiye, riga mai tambari, zama kusa da manya. Aiki ne na halal, ban raina mai yin sa ba. Sai dai ranar da ka karɓa ka daina zama ɗan jarida, ka zama bakin wani. Ɓarnar tana faruwa ne idan mutum ya so ya riƙe biyun, da safe yana rubuta sanarwar kulob, da dare yana sharhi a kan wasan kulob ɗin a rediyo. Masu sauraro ba yara ba ne, cikin kaka ɗaya suke ganewa, kuma idan shugaban da ya ɗauke ka ya sauka, da kai ake sauka.

Ta biyu, komawa Yamai, ko gidan gwamnati, Télé Sahel da Muryar Sahel da jaridar Le Sahel, ko manyan tashoshi masu zaman kansu. Can ne ake samun wasannin Mena da tarukan hukumar tamola ta ƙasa, FENIFOOT, da damar fita waje. Amma ana son takardar makaranta da Faransanci mai ƙarfi, kuma wanda ya taso da Hausa yakan tarar an ajiye shi a sashen harsunan gida, yana fassara abin da wani ya rubuta. Salon da ya sa Maraɗi ta so ka, kirari da barkwanci da sanin gidan kowane ɗan kokowa, ba lalle ya samu wuri a rahoton minti biyu na labaran dare ba. Aika wa kafofin waje rahoto, wanda da yake rufa wa wasu asiri, shi ma ya ragu tun da aka dakatar da RFI da France 24 a 2023. Duk da haka ina ba kowane ƙane shawara ya nemi katin ɗan jarida ya kuma gyara Faransancinsa, da ɗan Turanci. A watan Fabrairu na 2019, da aka yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da nan Maraɗi, wadda Mali ta ɗauka bayan doke Senegal a bugun fanareti, shiga wurin ƴan jarida sai da rajistar hukumar tamola ta Afirka, CAF, taron manema labarai kuma da waɗannan harsuna biyu. Gasa ta zo har ƙofar gida, amma wanda bai shirya ba daga cikin ƴan kallo ya gan ta.

Ta uku ita ce wadda matasa suka fi kwaɗayi, cin gashin kai: shafi a Facebook, tasha a YouTube, ko sayen lokaci a rediyo ka nemi tallarka. Nan ne zan daɗe, don nan aka fi yaudarar kai.

Yawan mabiya ba kuɗi ba ne. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai kana da mabiya dubu da awa dubu huɗu na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma kafin ka sa rai ka duba ko ƙasarka tana cikin jerin waɗanda ake biya, haka ma a Facebook. Ko an biya, tallar da ake nuna wa mai kallo a yankinmu arha ce. Sannan abin da ya fi jawo kallo, wato ƙwallayen Real Madrid da Barcelona da Arsenal, ba naka ba ne. Ka yanko daga Canal+ ka ɗora, a yi maka gargaɗin haƙƙin mallaka, na uku a YouTube ya rufe tashar da duk abin da ka tara. Abin da yake naka shi ne wanda ba kowa ke da shi ba: atisayen ƴan kokowa a ƙauyukan Tibiri da Madarumfa da Gidan Rumji bayan an cire amfanin gona, gasar unguwanni, dambe, langa, hirar tsofaffin ƴan wasa. Kasuwarsa kuma ba ta tsaya a iyaka ba, Katsina na nan kusa ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma Hausawan Najeriya suna bin kokowar Nijar sosai.

Kuɗin gaske daga ƴan kasuwar gari yake fitowa, kuma a nan nake da ƙa'ida guda da ba na karyawa: kada mai talla ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo maka. Gara masu shago biyar kowanne da jika goma a wata da Alhaji ɗaya mai jika hamsin. Idan ɗaya cikin biyar ya yi fushi, shiri yana ci gaba. Idan mai hamsin ya yi fushi, ka rufe, kuma tun kafin ya yi fushin ka fara auna kalmominka. Kada kuma ka karɓi tallar wanda ke shugabantar kulob ko yake cikin kwamitin kokowa, ko da kayan shagonsa ne kawai za a tallata. Kamfanonin cacar ƙwallo su ne suka fi kowa saurin biya da yawan biya, kuma sukan nemi ka riƙa ba da hasashen sakamako da lambar rajista. Ni ban karɓa ba. Ban da hukuncin addini, wanda a garin nan ba sai an tuna wa kowa ba, akwai lissafin sana'a: ranar da yaro ya yi asarar kuɗin jarinsa a kan hasashenka, ba kamfanin zai zaga ba, kuma uban da ke barin rediyo a kunne a tsakar gida zai kashe.

Kafin ka bar tasha, ka binciki abin da ka mallaka da gaske. Sunan shirin na wa ne? Idan ba a rubuta ba, na tasha ne, za su sa wani ya ci gaba da shi ranar da ka fita. Shafin Facebook da wane imel da wace lamba aka buɗe shi, su wa ke da ikon gudanarwa? Mutane da yawa sun gina shafi shekaru, suka wayi gari an cire su saboda da lambar ofis aka buɗe. Layin wayar da ƴan wasa da masu horarwa suka san ka da shi, da sunanka aka yi rajistarsa? Muryoyin da ka ɗauka suna kwamfutar tasha kaɗai ko kana da kwafi? Littattafan sakamako kuwa kada ka taɓa barin su a ofis. A ƙasar da ba a cika adana alƙaluman wasanni ba, wanda ke da rubutaccen tarihin wa ya kayar da wa shekara da shekaru yana da abin da ba a saye a kasuwa, kuma shi ake nema duk lokacin da gardama ta tashi kan zakaran kokowa Issaka Issaka da magabatansa.

Ni ban ɗauki ko ɗaya cikin hanyoyin uku gaba ɗayanta ba. Na zauna a rediyo da yarjejeniya rubutacciya, wadda muke sabuntawa kafin kowace kakar wasa. A cikinta, sunan shirin da shafin nawa ne, tasha tana ba da lokaci da situdiyo, muna raba kuɗin talla, kuma tana da ikon ƙin watsa wani batu amma ba ta da ikon hana ni rubuta shi a shafina. Ni kuma na ɗauki alkawarin sanar da shugaban tasha kwana ɗaya kafin duk labarin da ya shafi mai talla, don kada ya ji a bakin mutane. Daga kowane kuɗi da ya shigo ina cire kashi ɗaya cikin biyar in ajiye don tafiyar takobi, mota da masauki da abinci da mega, yadda ba sai na shiga motar kowa ba. Shekarar da ajiyar ba ta kai ba, nakan haɗa kai da abokan aiki biyu ko uku daga wasu tashoshi mu kama ɗaki ɗaya, mu raba karawar safe da ta yamma, kowa ya ba ɗan'uwansa sakamako. Idan hakan ma bai yiwu ba kuma dole na bi tawaga, ina faɗa wa masu sauraro a farkon shiri cewa tawagar jiha ce ta ɗauki nauyin tafiyata, kuma a wannan gasar ba na yin sharhi kan kuɗin tawaga ko zaɓen ƴan kokowa, sai bayan mun dawo Maraɗi na bi batun da kuɗin kabu-kabuna.